Sawun Takalmina a Kan Likkafani

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka a Aliero zuwa gare ka, Maisuna. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa ka buɗe takardar nan cikin lafiya, kana zaune a inuwa, hankalinka a kwance. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka daga hannun mutane, ya kuma tsare mutane daga hannunka.

Na san za ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. To kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, sunan mahaifina ne, ban kuma taɓa zama tabarma ɗaya da kai ba. In ina da magana sai in aika kawunka, ko in tsaya tsakar gida in faɗa wa iska kana ji. Wannan maganar ta fi ƙarfin ɗan aike, bakina kuma ba zai iya ta a gabanka ba. Shi ya sa na zauna da ɗan ajamin da na koya da gemuna, ka yi haƙuri da karkatar baƙaƙen. Na sa takardar cikin jakarka tare da wani ƙunshi. Kada ka kwance ƙunshin sai ka kai ƙarshe.

Gobe za ka kama hanyar Maiyama, an ɗauke ka wannan sabon aiki na 'yan doka, an ce kai ne za ka tsaya a mashigar gari kana duba kayan masu wucewa. Mun ji yadda wanda za ka canza ya baro wurin. An rotse masa kai da rana tsaka, ranar kasuwa, cikin jama'a, amma har yau ba a samu mutum ɗaya da ya ce ya ga wanda ya yi jifan ba. Uwarka ta daina cin abinci tun ranar da labarin ya zo. Ni kuwa ba rotsen ne ya hana ni sukuni ba, abin da na ji shekaranjiya ne a lambu. Ina jan ruwa a jigo, kana bayan shinge da abokanka, ba ka san ina nan ba, ka ce musu: "Ku bari dai in isa. Yaran can na Maiyama sai sun san ɗan dogari yaz zo." Suka bushe da dariya. Wallahi guga ya kuɓuce mini. Muryata ce na ji, ta shekarun da nake kamar kai, har da yadda ka ja ƙarshen maganar.

Laifina ne, kuma da shi zan fara. Na tashe ka da labarin jar rigarmu ta dogarai. Kun ji yadda ake buɗe mini hanya a kasuwar Jega, yadda fatake ke sauka daga kan jaki in na doso. Rabin labarin na ba ku, rabin da ke mini daɗi. Ga sauran.

Ban fi shekara biyu da shiga dogarai ba Nasara suka ci ƙasar nan. Ba a daɗe ba aka kira mu ƙofar hakimi, wani Bature na zaune bisa kujera, tafinta na tsaye. Aka ce daga yau a tsare hanyoyin shiga Jega, a duba kayan kowa, abu uku ake nema: bayi da ake fataucinsu a ɓoye, da bindiga ko albarushi, da takardun masu kiran mutane su tayar wa Nasara. Aka ba ni mashigar kudu, wadda ke kai mutum Maiyama. Ba zan ce maka aikin banza ba ne. Da hannuna na taɓa yaye fatun shanu daga kan amalanken wani bafatake na tarar da yara biyu a ɗaure, bakinsu cushe da tsumma. Har gobe ina fatan Allah ya duba mini wannan ranar. Amma yara biyun nan sau ɗaya na same su, mutanen da na wulaƙanta ina nemansu kuwa ban san iyakarsu ba.

Dattawa ban cika taɓa su ba, suna da waɗanda za su kai wa ƙara. Samari ne abincina. In na hango saurayi ya sha wanka, ya karkata hula, yana tafe yana taƙama, sai in ji kamar da ni yake. In daka masa tsawa tun daga nesa. In tuɓe masa hula da kan sanda gaban 'yan mata masu tallan nono, in sa ya zazzage jakarsa a ƙasa, in lalube shi har gindin wando, in ban samu kome ba in ce ya kwashe tarkacensa ya ba ni wuri. Ban taɓa ce wa ko ɗaya ya yi haƙuri ba. Da na ga samari sun fara barin hanya suna ratsa gonaki don kada su biyo ta gabana, daɗi na ji, na ɗauka kwarjini ne.

Maisuna, in ka ga samari suna kauce maka, kada ka ji daɗi, ka ji tsoro. In za ka tsayar da mutum, yi masa sallama tukuna, ka tambayi gida. Ja shi gefe inda ba idon mata ko na surukansa. Shimfiɗa tabarma, ka bar shi ya kwance kayansa da hannunsa, ya ɗaure da hannunsa. Kada ka taɓa hular kowa. In ka duba ba ka ga kome ba, buɗe baki ka ce ya yi haƙuri, da ƙarfi, yadda na kusa za su ji. Ba ya rage maka kome, ni ne shaida cewa rashinsa na ragewa.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi.

Wata ranar kasuwa ce cikin damina, an yi ruwa da safe, mashiga duk ta caɓe da jar laka da fitsarin jakuna. Wajen azahar na ga wani saurayi ya fito daga gari yana sauri kamar zai tashi sama, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji. Ba a kai ya ɗora shi ba, ba a kafaɗa ba, a ƙirji. Sunansa Gado, mutumin Maiyama, daga baya na sani. Saurin da rungumar su suka sa na tare shi.

Na ce, "Kai, mi kaɗ ɗauko kake ɓoyo?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, likkahwani na. Babana na kwance, jiki ya yi nauyi. Shi yac ce in zo Jega in sawo mai saƙar hannu, shi gani da idonai. Don Allah ka bar ni, tahiya na da nisa."

Na ce, "Kowa da irin ƙaryatai. Aje shi."

Ya dubi lakar, ya dube ni. Ya ce, "Ba a aje shi ƙasa, ranka shi daɗe. In riƙa ka duba."

Mutane sun fara taruwa, 'yan mata na leƙe. Na ga yaro na koya mini aiki gaban jama'a. Na fizge ƙunshin na jefar. Na taka bakin ƙyallen da takalmina na dama don ya tsaya, na shure sauran da na hagu, ya warware fari tas a cikin lakar nan tsawon mutum da rabi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yi salati ta kawar da kai. Sai ga ɗan ƙullin turare ya faɗo daga ciki, da wata takarda a ninke.

Takarda! Abin da Bature ya ce a nema ke nan. Ni kuwa a lokacin ban san alifi ba ko da ya kai girman turmi. Ka ga wautar: an tsayar da jahili a hanya an ce ya kama takardu. Gado ya rantse rubutu ne wani malami ya yi wa mahaifinsa, a wanke a ba shi. Na ce malamin ya zo ya faɗa da bakinsa. Ya roƙe ni in kai shi wurin kowane almajiri a karanta yanzu yanzu. Da na yi taku kaɗan, ga masallaci nan cike da masu karatu. Amma ni so nake a gan ni na shiga da shi ƙofar hakimi a ɗaure, a ce Bawa ya yi kamu. Magatakardan hakimi kuma ya tafi ƙauye, sai gobe. Aka kulle shi ya kwana.

Da hantsi magatakarda ya dawo, ya buɗe takardar, ya duba, ya ɗago ya dube ni. Ya ce addu'a ce ta neman sauƙin fitar rai. Aka kwance Gado. Muna fitowa zaure muka tarar da wani dattijo daga garinsu zaune, ƙafafunsa duk laka. Ya tashi ya kama hannun yaron ya ce, "Sai haƙuri, Gado. Tun jiya da la'asar yac cika, shina ta tambayar ko ka iso. Mun jira har munka gaji. Da rawaninai da wani tsohon zane munka haɗa munka ruhe shi."

Na miƙa masa likkafanin, na naɗe shi yadda na iya. Ya dubi sawun takalmina a jiki, ja wur, har da zanen ɗinkin fatar. Bai karɓa ba. Ya juya suka tafi. Ni kuma na rasa inda zan ajiye shi, na tafi da shi gida na tura cikin adudu. A daminar nan na fara zuwa wurin malam da allo, yara na yi mini dariya.

Kai ka yi karatu, Alhamdu lillahi, ba za ka kama addu'a ka ce takardar yaƙi ce ba. Amma ka ji wannan: in mutum ya ce maka sauri yake, akwai mai jiransa, ka gaskata shi har sai ka ga abin da ya ƙaryata shi. In akwai abin da za a warware yanzu, warware shi yanzu, ko da gudu ne ka raka shi. Kada ka kwanar da ɗan mutane don a yaba maka. Kuma duk abin da mai shi ya ce ba a ajiye shi ƙasa, kada ka ajiye shi ƙasa.

Da abin ya tsaya nan, da na ce tsakanina da Allah ne da Gado. Bai tsaya ba.

An gaya maka gwaggonka Kulu cutar agana ce ta ɗauke ta tana yarinya. Ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta. Kulu ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya ta. Kaka biyu bayan maganar likkafani ta tafi Maiyama taya wata innarmu aikin girbi. Da sassafe suka fita itace da ƙawayenta, wasu mutane suka fito daga ciyawa suka ɗauke ta, sauran suka tsere. Kafin hantsi ya ɗaga labari ya iso ni, na hau doki da dogarai uku. Sawu ya kai mu har bakin wata gona inda hanya ta rabu uku, ƙasar wurin kuma tsakuwa ce, sawu ya ɓace. A gonar kuwa samari ne fal, ana gayyar girbin gero, da mai ganga. Na ce Alhamdu lillahi, ga idanu da yawa, ba yadda za a wuce nan ba su gani ba.

Suna hango jar riga, ganga ta yi shiru. Kafin mu sauka daga dawaki sun watsar da magirbi sun afka cikin dawar da ke gefe, ba ka jin kome sai ƙarar kara. Ina ihu ina cewa tambaya ce kawai, ƙanwata aka sace. Wa zai tsaya? Sai ɗaya daga cikinmu ya ce ai mai gaskiya ba ya gudu, da su aka haɗa baki. Ni ma na yarda, don zuciyata na neman wanda za ta huce a kansa. Muka bar ɓarayi muka shiga farautar manoma. Muka kamo wanda ya kamu, muka ɗaure, muka zane su da bulala har rana ta karkata. Kowa ka tambaya, bai ga kowa ba. Cikinsu har da Gado. Na durƙusa gabansa, ni da jar rigata, na ce ko yarinya ya gani. Ya dubi wani wuri bayan kafaɗata ya ce bai ga kowa ba. Da yamma muka bi hanyar da muka ga dama, ta kai mu wata ruga. Kulu ba a sake ganinta ba.

Sai da rani, ina tsaye a mashiga, na ga mutum ya tsaya gabana ba tare da na tsayar da shi ba. Gado ne. Ya rame. Ya ce, "Na gan su. Mutum ukku da jaki, yarinya na bisa an ruhe ta da buhu, ƙahwarta na waje da mundaye. Hanyar yamma sunka bi, ta gulbi. Da kun bi su sa'an nan kuna cim musu kahin su samu mai hito shi ƙetare da su."

Na shaƙe wuyan rigarsa na ce don ya rama ne ya yi shiru.

Ya ce, "Wallahi ba ramuwa ba ta. Da sunka wuce ni nac ce ma yara a aika Jega a hwaɗi. Anka ce wa za ya? Duk wanda yat tahi, shi za a hwara ɗaurewa. Da kunka zo na buɗe baki, sai nig ga takalminka. Nac ce in na ce na gani, za ka ce ƙaƙa anka yi nig gani, mi ya hana ni tare su, nawa sunka ba ni. Na kwana ɗakinku sau guda kan gaskiya, na san abin da yac ci mini. Tun ran nan ban yi barcin kirki ba, shi ya sa niz zo."

Na sake shi. Ban ce masa kome ba, ko na gode, ko ka yafe mini. Kafin damina ta faɗi na tuɓe rigar na mayar, na kwaso ku muka dawo Aliero na kama noman albasa, kana goye a lokacin.

Ka gane abin da nake nuna maka? Samari cike da gona sun ga inda aka bi da ƙanwata, ba mugu ko ɗaya a cikinsu, amma babu wanda ya yarda cewa mai jar riga zai ji magana ya bar mai maganar ya koma gida lafiya. Ni na koya musu haka, ɗaya bayan ɗaya, a mashigar kudu. Ranar da na buƙace su, abin da na koya musu suka yi. Saboda haka in saurayi ya gan ka ya ruga, kada ka bi shi don gudun kawai, watakila wani irina ne ya taɓa tsayar da shi ko ya tsayar da ubansa. In wani ya kawo maka labari, kada ka mai da shi abin tuhuma, ba shi ruwa ya sha, ka rufa masa asiri, ka raka shi bakin hanya. Ɗan doka da mutane ba sa gaya wa kome, tsaye kawai yake da kulki yana jiran dutse.

Kuskurena na ƙarshe shi ne wanda nake ciki har yau. Shekara ashirin da wani abu, Maiyama ba ta fi ƙarfin ƙafata ba, amma ban je ba. Kullum sai in ce bayan girbi, bayan an cire albasa, bayan salla. Tsoro ne, ba wani abu ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ko lambu da sanda nake zuwa. Gado yana nan da rai, na bincika wurin masu kawo gero. Ya zama dattijon unguwa, shi ke raba faɗan samari, 'ya'yansa da jikokin 'yan'uwansa su ne za su riƙa wucewa ta gabanka. Yaran da suka rotse wanda za ka canza da labarin likkafani aka yaye su. Kai kuma ka ɗauko fuskata kamar an tsaga kara, duk wanda ya san ni a Jega, kallo ɗaya zai yi maka. Wannan ne ke tayar mini da hankali. Za ka shiga garin da sunana ya riga ka, kana cewa sai sun san ɗan dogari ya zo. Sun daɗe da sani.

Yanzu kwance ƙunshin. Farin ƙyalle ne saƙar hannu, sabo, na sa aka saƙa a Jega, tsawon wancan daidai, da turarensa.

Ranar da ka isa, kafin ka sa rigar aiki, kafin ka nuna kanka ga kowa, tambayi gidan Gado. Tafi da ƙafa, da rigarka ta gida, ba kulki. Rungume ƙyallen a ƙirji. Tuɓe takalmi tun daga waje, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni. Kada ka ɓoye ko kai wane ne. Ce masa kai ɗan Bawa ne, dogarin mashigar kudu, wanda ya taka likkafanin mahaifinsa, kuma wanda ya zane shi a gona. Ce masa na san ba ya biyan kome, wanda aka saya wa na farko ya daɗe a ƙasa da rawani da tsohon zane. Ce masa ina roƙon gafara. Ce masa kuma maganar Kulu ba laifinsa ba ne, in yana ɗauke da ita har yau ya sauke, tawa ce. Wannan ya kamata in faɗa masa a mashiga tun ranar.

Ban san abin da zai yi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Yana iya karɓa. Yana iya korarka, samarin gidan na iya taso maka. In sun zage ka, yi shiru. In sun zage ni, ka ce gaskiyarsu. Kada ka ɗaga hannu ko da an ɗaga maka, kada kuma washegari ka tsaya a mashiga kana neman fuskokinsu. In ya ƙi karɓa, ajiye masa a kan tabarma, kada a ƙasa, ka yi sallama ka fito. Bayan kwana bakwai ka koma ka gaishe shi, ka yi ta komawa. In ka ga zuciyarka ba za ta iya wannan ba, to ba za ta iya aikin ba, mayar musu da rigarsu ka dawo, lambu na nan.

Tsohon likkafanin kuwa yana wurina cikin adudu. Uwarka ta wanke shi ban san sau nawa ba, yana da tsarki, amma jar lakar Jega ba ta fita duka ba, in ka ɗaga shi a rana za ka ga sawun. Na riga na gaya wa kawunka da liman, da shi za a rufe ni, sawun ta wajen fuskata. Kada ka ce za ka sayo mini sabo don kunyar mutane.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka sauka lafiya. Allah ya sanyaya zuciyar Gado, ya sanyaya taka. Allah ya ji ƙan mahaifinsa, ya ji ƙan Kulu in ta rasu, in tana raye ya sa tana hannu nagari. Allah ya tsare ka daga dutse da kibiya, da yabon manya, da dariyar abokai. Uwarka na gaishe ka, ta ce ƙullin yajin da ke ƙasan jakar na ciwon ciki ne.

Jikina ba kamar da ba ne, Maisuna. In wata rana ɗan aike ya zo maka daga Aliero ya ce ka yi sauri, to ka yi sauri. Allah ya sa kada kowa ya tsare ka a hanya.

Wassalamu.

Mahaifinka, Bawa.